Wasiƙun Sarkin Musulmi Abdurrahman ga Waziri Buhari a Zamanin Basasar Kano

Matafiyin da ya tashi daga Wurno ta ƙasar Birnin Kudu ya nufi Kano, bayan ya wuce Kachako, zai ratsa ta Takai, garin da mafi yawanmu muke wucewa ba tare da mun tuna cewa a nan ne, a ƙarshen shekarar 1893, 'ya'yan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi suka yada zango ƙarƙashin yayansu Yusufu, suka ɗaura ɗamarar yaƙin da tarihi ya sani da Basasa. Asalin fitinar kuwa umarni ne da ya fito daga Sarkin Musulmi zuwa ga mutum guda, wato Waziri Muhammadu Buhari, jikan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Wajibi ne mai karatu ya fahimci matsayin Waziri a daular Usmaniyya kafin ya gane nauyin wasiƙun da Sarkin Musulmi ya aika masa. Shi ne ake yi wa laƙabi da Amirul Masalihi, shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas, ta hannunsa haraji da ƙorafi suke isa fada, ta hannunsa kuma naɗi da tuɓewa suke fitowa, har ya zamana idan ya yi rangadi tamkar Sarkin Musulmi ne da kansa ya taka ƙasar. Wasiƙar da ake aika masa da Larabci ake rubuta ta, galibi a warƙa ɗaya, da hatimi da sallama da addu'a, sa'an nan maƙasudi a taƙaice. Yawanci ba a sa kwanan wata, domin manzon da ya ɗauko ta shi ne zai cika sauran bayani da baki. Wannan ya sa masu nazari a yau suke shan wahala wajen jera su bisa tartibi.

Da Allah ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Bello rasuwa a 1893, Waziri Buhari yana cikin birnin, kuma ya san inda zukatan mutane suka karkata. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau gado a 1891, ya riga ya ƙudurta cewa Galadima Tukur ɗan marigayin ne zai gaje shi, saboda jarumtar da ya nuna a yaƙin Argungu. Waziri ya zartar da umarni, ya naɗa Tukur, Yusufawa kuwa suka fice. A nan ne, a ganina, al'amarin ya cancanci a tsaya a yi tadabburi, domin amintaccen bawan sarki yana ɗauke da haƙƙi biyu waɗanda shari'a ta ɗora masa, ɗa'a ga shugaba da nasiha gare shi, kuma sa'ad da shugaban yake nesa da tafiyar kwanaki masu yawa, yana hukunci bisa labarin da ya tsufa a hanya, haƙƙoƙin nan biyu sukan yi karo a ƙirjin mutum ɗaya. Ban ga dalilin zargin Waziri da rauni ba. Abin da na gani shi ne mutumin da aka ba amana, ya riƙe ta a lokacin da riƙonta ya fi sakinta ɗaci.

Yaƙi ya ci gaba, takardu suna kai da kawowa. Sarkin Musulmi ya umarci sarakunan da ke maƙwabtaka da Kano su kai wa Tukur gudummawa, Waziri ne kuma aka ɗora wa tattara su, amma ɗaukin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, jama'arsa suka yi wa ƙanensa Aliyu Babba mubaya'a, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Sakkwato ce. A shekarar suka shiga Kano, Tukur ya fita zuwa ƙasar Katsina, aka ci ƙarfinsa a Tafashiya a 1895. Daga bisani Sakkwato ta amince da Aliyu, hatimin da ya naɗa Tukur shi ya tabbatar da wanda ya kore shi.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, H. F. Backwell kuma ya fitar da fassarar wani sashe nasu da Turanci, aka buga a Ikko a 1927. Waɗanda suka rage a hannun zuriya, Waziri Junaidu ɗan Buhari ya adana su, a wurinsa Murray Last ya yi nazarin da ya fito a 1967, kafin Adamu Fika ya wallafa littafinsa a kan Basasa a 1978. Abin da nake fata shi ne malamanmu na Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda Larabcin warƙoƙin nan ba baƙo ba ne a wurinsu, su nemi kofensu su mayar da su Hausa, domin yaƙin da suke magana a kansa a ƙofar gidanmu aka ɗaura shi.