Tutu: Siket ɗin Rawa da Ya Zama Yayi

Kowace rawa tana da tufafinta. 'Yan koroso na Kano suna ɗaura kacau-kacau a ƙafafunsu domin kowane taku ya ba da amo. A Gadaka, hedikwatar masarautar Gudi a Jihar Yobe, al'ummar Ngamo kan fito da kayan gargajiya ranar bikin Kamti. Haka abin yake a Turai, inda ake wata rawa mai suna bale. Matan da ke yin ta suna sa wani siket da ake kira tutu. Wannan kalma ta Faransanci ce, kuma ba ta da dangantaka da kalmar Hausa mai irin wannan rubutu wadda ke nufin bayan gida.

Asalin rawar bale

Rawar bale ta samo asali ne a fadojin sarakunan Italiya a ƙarni na 15. Daga can ta shiga Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa cibiyar nazarin rawa a 1661. A wancan zamani mata suna rawa ne cikin dogayen riguna masu nauyi, waɗanda suke jan ƙasa. Saboda haka ba sa iya tsalle sosai, kuma 'yan kallo ba sa ganin aikin ƙafafunsu. Wajen 1730 wata gwanar rawa, Marie Camargo, ta rage tsawon rigarta har idon sawu ya bayyana. Ragin ba shi da yawa, amma shi ya buɗe ƙofa.

Tutu na farko

A 1832 aka nuna wani wasan bale mai suna La Sylphide a birnin Paris. Marie Taglioni ce ta fito a matsayin aljanar iska. Ta sa farin siket mara nauyi, mai siffar ƙararrawa, wanda ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. Da yake tana rawa a kan yatsun ƙafa, sai ya zama kamar ba ta taɓa ƙasa. Wannan shiga ta burge jama'a ƙwarai, har ta zama tufafin masu rawar bale a ko'ina.

Abin da ya taimaka shi ne samuwar wani yadi shara-shara mai raga-raga. Sunansa tul, daga sunan garin Tulle na Faransa. A da ana saƙa irinsa da hannu, don haka yana da tsada. Amma tsakanin 1808 da 1809 wani Baturen Ingila, John Heathcoat, ya ƙera injin saƙa shi. Daga nan yadin ya wadata, tela ya sami damar jera shi hawa-hawa, siket ya buɗe ba tare da ya yi nauyi ba.

Kyau mai haɗari

A ƙarni na 19 da fitilun gas ake haskaka dandamali, kuma wasunsu a ƙasa ake jera su, kusa da ƙafafun masu rawa. Yadi shara-shara kuwa da wuta ba su ga maciji. A 1859 hukumomin Faransa suka ba da umarni a riƙa tsoma kayan wasa cikin wani magani mai hana kamawar wuta. Sai dai maganin yana sa yadi ya yi tauri, farinsa ya dushe. Wata matashiya mai suna Emma Livry ta ƙi yarda a taɓa nata siket ɗin. A watan Nuwamba na 1862, ana cikin gwajin wasa, tufafinta suka kama da wuta. Ta yi jinya wata takwas, ta rasu a watan Yuli na 1863 tana da shekara 20. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Daga ƙararrawa zuwa faifai

A ƙarshen ƙarni na 19 rawar ta bunƙasa a Rasha, musamman a birnin San Fitasbag, ƙarƙashin jagorancin Marius Petipa. Takun rawa ya ƙara wuya. Misali, a wasan Swan Lake na 1895, Pierina Legnani ta yi juyi sau 32 a jere a kan ƙafa ɗaya. Dogon siket yana ɓoye irin wannan gwaninta, don haka aka gajarta shi, aka ƙarfafa shi har ya miƙe daga ƙugu kamar faifai. Ka ga ke nan buƙatar rawa ce ta sauya ɗinki, kamar yadda buƙatar amo ta sa ɗan koroso ɗaura kacau-kacau.

Yadda ya shiga adon jama'a

Abin da ido ya gani a dandamali, zuciya kan so shi a gida. A 1947 mai zanen tufafi Christian Dior ya fito da wani salo a Paris: riga mai matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen siket. Sau da yawa ana sa tul a ƙarƙashin irin wannan siket domin ya tashi. A shekarar ce kuma Rose Repetto ta fara ɗinka takalman rawa, sannan a 1956 ta yi wa 'yar fim Brigitte Bardot irinsu na yawo. Takalma marasa tsini da 'yan mata ke sawa yau jikokin waɗannan ne.

Salon ya iso ƙasarmu. Wanda ya zagaya shagunan yadi a kasuwar Potiskum gab da Sallah zai ga net launi-launi, da rigunan yara mata masu buɗaɗɗen ƙasa. Teloli suna sa net a ƙarƙashin rigar amarya domin ta buɗe, ana kuma yin mayafi da shi. Amma ba a ɗauki salon yadda yake ba. An tsawaita siket har idon sawu, an sa masa shafi, an haɗa shi da atamfa ko leshi, domin ya dace da suturar da al'adarmu ta sani. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abu ɗaya ne bai sauya ba. Yawancin net na yau da zaren roba ake yin sa, wanda yakan narke ya manne a fata idan wuta ta taɓa shi. Saboda haka yarinyar da ta sa irin wannan riga kada a bar ta kusa da murhu, ko kyandir, ko fitilar kananzir.

Ma'anar kalmomi

yayi: abin da jama'a ke sha'awa a wani lokaci
dandamali: wuri mai tudu inda ake yin wasa
shara-shara: mara kauri, wanda ake ganin abin da ke bayansa
ƙwauri: sashen ƙafa tsakanin gwiwa da idon sawu
shafi: yadin da ake ɗinkawa a cikin riga

Tambayoyi

1. A wace ƙasa rawar bale ta samo asali?
2. Yaya injin John Heathcoat ya taimaki teloli?
3. Me ya sa Emma Livry ta ƙi yarda a sa wa tufafinta magani?
4. Faɗi dalilin gajarta tutu a Rasha.
5. Rubuta jimloli biyar a kan tufafin wata rawa ta garinku.