Shafin samari: ado ba ya hana ƙugiya

A Dakoro, cikin jihar Maraɗi, samari na sauraron jitar Bombino da Mdou Moctar a wayoyinsu. Mai tsara musu shafin mujallar kiɗan rok ya san abin da ke jan ido: babban hoton makaɗi, launi mai ƙarfi, kanu gajere. Wahalarsa tana ga baƙaƙe. Yawancin baƙaƙen ado na Turai ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda dokar rubutun Hausa ta 1999 ta tabbatar a Nijar. In ƙugiya ta faɗi, ƙafa ta zama kafa, baƙi ya koma baki. Saboda haka gwani kan gwada baƙaƙen nan huɗu tun kafin ya zaɓi ado, domin ɗan kasuwar da ya biya kuɗin talla ba ya yafe kuskure a sunan hajarsa.