Koji Kondo da kiɗan da ake zaton na'ura ce ta ƙirƙiro shi

A watan Afrilun 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya kiɗan wasan Super Mario Bros. cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa saboda darajarsu ta tarihi, kundin da ake ƙara wa abubuwa 25 kowace shekara, kuma wannan ne karo na farko da kiɗan wasan bidiyo ya samu shiga. A jerin na shekarar akwai waƙoƙin John Lennon da Madonna, kuma wani zai iya tambayar yadda ƙarar abin wasan yara za ta zauna sahu ɗaya da su. Tushen irin wannan tambaya shi ne zaton da ya daɗe a zukatan mutane cewa irin wannan sauti kwamfuta ce ke fitar da shi da kanta, alhali kuwa mutum ne ya zauna ya tsara kowane amo a cikinsa, kuma sunansa Koji Kondo.

An haifi Kondo a birnin Nagoya na Japan a 1961, ya fara koyon kiɗa tun yana yaro a kan Electone, wata na'urar kiɗa ta lantarki mai madannai da kamfanin Yamaha ke ƙerawa, daga baya ya yi karatu a Jami'ar Fasahar Zane da Kiɗa ta Osaka. A 1984 ya kama aiki a Nintendo da ke Kyoto, kuma can ya yi dukan rayuwarsa ta aiki.

Wanda ya raina aikinsa bai san kayan da aka ba shi ba. Na'urar Famicom, wadda ta fito a 1983, tana da hanyoyin sauti biyar kacal, wato layukan da amo ke bi ya fita, kuma uku ne daga cikinsu aka fi dogaro da su wajen rera kari: biyu masu kaifin murya, ɗaya mai kauri da ke riƙe ƙasan kiɗan. Ta huɗu shuu kawai take yi, da ita Kondo ya kwaikwayi ganga. Ke nan amo uku ne iyakar abin da zai iya haɗawa a lokaci guda, sannan duk sa'ad da Mario ya yi tsalle ko ya tsinci tsaba, ƙarar wannan motsi sai ta ƙwace ɗaya daga cikin layukan na ɗan lokaci, don haka dole a tsara kiɗan yadda ba zai rushe ba idan murya guda ta ɓace. Lamarin ya yi kama da na makaɗin kuntigi, wanda tsirkiya ɗaya gare shi, ba shi da inda zai ɓoye kuskure, kuma babu mai cewa gwanintar Ɗan Maraya Jos ta ragu don kayan kiɗansa ƙarami ne. Dabarar Kondo ita ce ya ware amon ukun nesa da juna domin kunne ya ji kamar sun fi haka yawa, kuma shi da kansa yake shigar da su cikin na'urar a matsayin lambobi, a wasan da gaba ɗayansa bai wuce kilobait 40 ba.

Akwai kuma wahalar da mawaƙin faifai bai san ta ba, wato kiɗan zai yi ta maimaituwa na sa'o'i a kunnen mai wasa, kuma dole ya tafi daidai da yatsunsa. Kondo ya watsar da karin farko da ya yi wa Mario saboda ya ga sanyinsa bai dace da gudu da tsallen da ke kan allo ba, ya sake wani mai zafi wanda ya ɗauko salonsa daga kiɗan Latin Amurka. Idan lokacin da aka ba mai wasa ya ragu ƙasa da 100, kiɗan yakan ƙara sauri, sai hankalin mai wasa ya tashi tun kafin ya dubi agogon.

Wasan The Legend of Zelda na 1986 ya zo da nasa labarin. An shirya buɗe shi da Boléro na Maurice Ravel, makaɗin Faransa da ya rasu a 1937, sai a ƙurarren lokaci aka gano cewa haƙƙin mallakar kiɗan bai ƙare ba, Kondo ya kwana yana aiki ya fitar da taken da har yau ake kaɗawa a manyan dandalin kiɗa. A wasan Ocarina of Time na 1998 kuwa ya mayar da kiɗa wani ɓangare na wasan kansa, inda mai wasa ke busa gajerun karuruwa da madannai biyar domin ya buɗe hanya ko ya sauya dare da rana.

Kamfanonin wasanni na Japan na wancan zamani suna da nasu kason a rashin sanin waɗannan mutane, domin sun saba ɓoye sunayen ma'aikatansu ko su rubuta laƙabi. A ƙarshen Zelda an rubuta Kondo da sunan Konchan, a Super Mario Bros. kuwa ba a ambaci kowa ba. Shekara 38 ne tsakanin fitowar wasan a 1985 da shigar kiɗansa kundin Amurka, kuma a tsawon wannan lokaci miliyoyin masu iya rera karin da baki ba su taɓa jin sunan wanda ya tsara shi ba.