Yadda Sababbin Magunguna Ke Kashe Ƙwayoyin Dajin Ɓargo

Mayeloma wani irin ciwon daji ne da ke kama ɓargon ƙashi, galibi na waɗanda suka manyanta. A cikin ɓargo akwai waɗansu ƙwayoyi da ake kira filasma, aikinsu shi ne ƙera furotin mai kare jiki daga cututtuka. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace, sai ta yi ta hayayyafa ba iyaka, har zuriyarta ta cika ɓargon, jini ya ragu, ƙashi ya yi rauni.

Kowace ƙwaya ta jiki tana da hanyar kashe kanta idan ta tsufa ko ta lalace. Ƙwayar daji kuwa ta kauce wa wannan ƙa'ida. Magungunan da suna auka wa duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, mai kyau da maras kyau. Na yanzu kuwa rauninta suke nema, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina Raunin Yake?

Ƙwayar mayeloma tana ƙera furotin dare da rana, kuma da yawansa yakan fito a lalace. A cikin kowace ƙwaya akwai wani abu kamar injin niƙa, sunansa furotiyasom, wanda ke niƙe lalataccen furotin bayan an yi masa alama. Masanan da suka gano wannan tsari, watau Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose, sun sami kyautar Nobel a shekarar 2004.

Maganin bortezomib, wanda aka amince da shi a Amurka a shekarar 2003, toshe wannan inji yake yi. Sai shara ta taru a cikin ƙwayar, kamar marinar da aka toshe wa magudana. Da abin ya fi ƙarfinta sai hanyar mutuwar nan ta buɗe, ta kashe kanta. Lafiyayyun ƙwayoyi sun fi jurewa, domin sharar da suke tarawa kaɗan ce.

Shi kuwa lenalidomide, sa ƙwayar yake yi ta yi wa waɗansu furotin biyu da rayuwarta ta dogara a kansu alama, watau Ikaros da Aiolos, sai injin nata ya niƙe su. Daratumumab, wanda aka amince da shi a 2015, yana manne wa wata alama mai suna CD38 a bayan ƙwayar, sa'an nan dakarun garkuwar jiki su gane ta su hallaka ta. Likitoci sukan haɗa uku ko huɗu, har da dexamethasone, domin wadda ta tsere wa wannan ta faɗa hannun wancan.

Abin Lura

Waɗannan magunguna suna danne ciwon, suna ƙara wa majiyyaci shekaru cikin sauƙi, amma sau da yawa yakan dawo, a sake salon magani. Suna kuma da illa. Bortezomib yakan kawo zogi ko mutuwar yatsun hannu da ƙafa, lenalidomide kuma yana cutar da ɗan tayi, saboda haka an hana mai ciki shan sa.

Duk wanda ke fama da ciwon baya ko na ƙashi da ya ƙi jin magani, tare da kasala da ƙarancin jini, lalle ya je asibiti a gwada jininsa da fitsarinsa. Jinkiri yakan kai ga lalacewar ƙoda da karayar ƙashi.