Kafin a aiko da akwatin ajiya gida: abin da ya kamata a sani kan wifi da ƴar kile



A kwanakin baya wani ɗan garinmu da ke neman kuɗi a Kwatano ya aiko wa gidansu nan Geceme da wani ƙaramin akwati baƙi, tare da wata ƴar aba mai kama da kile USB. Saƙon da ya haɗo da su shi ne: a soka wannan a jikin wancan, hotuna da muryoyin gidan gaba ɗaya za su taru wuri guda, kowa ya ɗauka da talho ɗinsa ba sai ya sayi forfe ba. Ƙanensa ya soka, fitila ta kama, ya duba talho, babu ko sunan wifi. Kwana uku yana fama, daga ƙarshe ya ɗauro kayan a bayan babur ya kawo mana. Da muka duba, babu abin da ya lalace. Ƴar kilen ce ba ta wifi ba, kuma ko da ta wifi ce, ba ta nan ake bi ba.

Tunda mun san ba shi kaɗai ne zai gamu da wannan ba, muka ga ya dace mu yi bayani tun daga tushe, domin kada kuɗin da aka sha wuya aka tara a Legas ko Abijan ya ƙare a kan kayan da za su zauna cikin kwali.

Mene ne wannan akwati?

Masu sayar da shi suna ce masa NAS. Mu a nan rumbu za mu kira shi, domin aikinsa ke nan. Ƙaramar kwamfuta ce marar allo, a cikinta akwai faifan ajiya ɗaya ko biyu. Ana zuba mata hotuna, bidiyo, sauti da takardu, duk talho ko kwamfutar da ke gidan kuma tana iya shiga ta ɗauka ko ta ƙara, in an ba ta izini.

Cikinsa da faɗi. Sautin MP3 irin wanda muke amfani da shi a gidan rediyo yana cin kusan mega 1 a minti guda, wato kamar mega 58 a awa. Faifai mai tera 1 zai ɗauki sama da awa 17,000 na irin wannan sauti. In ka kunna shi dare da rana ba tsayawa, sai ka yi kusan shekara 2 kafin ka kai ƙarshe.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu kowa ya san shi. Talho ya faɗa rijiya, ko an sace shi ranar kasuwa, ko kati memuwar ya wayi gari ya ƙi buɗewa. Abin da ya tafi ba waƙoƙi kaɗai ba ne. Akwai muryar kaka tana lissafa asalin gida, akwai hoton takardar gona da takardun haihuwar yara, akwai bidiyon bikin da ɗan'uwa na ƙetare bai samu halarta ba. Mu kanmu mun taɓa rasa hirarrakin da muka yi da wasu dattawa kan tarihin Takassaba, saboda faifai guda ne ke riƙe da su. Biyu daga cikin dattawan nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ba mu da inda za mu sake samun muryarsu.

Wifi daban, intanet daban

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wifi hanya ce kawai da na'urori ke magana da juna a cikin gida ba tare da waya ba. Intanet kuwa shi ne babban titin da ke fita waje, wanda ake biya wa kuɗi a wajen Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms. Gida zai iya samun wifi mai aiki sarai alhali babu intanet ko kaɗan. Talho ya shiga rumbu, ya sauke bidiyo, ba a ci masa ko dala ba, ko da rezo ya ɗauke a garin gaba ɗaya.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Manhajar Kiwix, wadda ta fito a 2007, tana ba da damar ajiye Wikipedia cikin faifai a karanta ta ba intanet, har da ta Hausa. A 2012 an soma wani shiri mai suna Afripédia da ya riƙa kai irin waɗannan ƙananan akwatuna masu wifi jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Abin da ya yi aiki a jami'a zai yi a lekol ɗin ƙauye, in an samu wuta da mai kula.

Kama da wane ba ta wane

Ƴan kilen da ake soka wa na'ura sun kasu iri-iri, kuma a ido duk ɗaya suke. Akwai ta ajiya, wadda muka saba sa waƙoƙi. Akwai ta wifi, mai ba kwamfuta damar kama wifi. Akwai ta Bluetooth. Sannan akwai ta Zigbee, irin wadda ɗan'uwanmu na Kwatano ya aiko.

Zigbee harshe ne na ƙananan kayan gida masu sarrafa kansu: ƙwan fitilar da ake kashewa daga talho, ƴar na'urar da ake mannawa a ƙofa ta sanar in an buɗe, ma'aunin zafi mai aiko da rahoto. Ba ta ɗaukar hoto ko bidiyo, saƙonninta ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ɗan batir irin na agogo ke riƙe wasu daga cikinsu shekara ko fiye. Talho ba ya jin wannan harshe kai tsaye. Dole a samu mai fassara a tsakani, wato manhaja irin su Home Assistant da za a girka a cikin rumbun ko a wata ƙaramar kwamfuta. In babu manhajar, kilen tana nan a soke kamar baƙon da ba wanda ya san yarensa.

Ko ta wifi ma ba kowane rumbu ke karɓarta ba. Misali, kamfanin Synology, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera waɗannan akwatuna, ya daina tallafa wa kilen wifi da ta Bluetooth da ta 4G tun daga tsarinsa na DSM 7 da ya fito a 2021. Saboda haka kafin a saya, a tambayi mai shago sunan akwatin da lambarsa, a tabbatar yana karɓar abin da ake son soka masa.

Yadda ake haɗawa

Hanyar da ta fi sauƙi ba ta buƙatar kile ko ɗaya. Abin da ake nema shi ne na'urar raba wifi, wadda wasu ke ce wa rauta wasu modem, mai ramin saka kebul a bayanta.

Da farko a ɗauki kebul na rezo, a soka baki ɗaya a bayan rumbu, ɗayan a bayan rauta. A kunna rauta, a jira fitilunta su tsaya, sannan a kunna rumbu. Daga nan a haɗa talho da wifin rautar, a buɗe manhajar da kamfanin rumbun ya tanada, ita za ta gano shi da kanta. Abu na farko da za a yi bayan an shiga shi ne canza kalmar sirri da ta zo da shi. A buɗe wa kowane mutum sunansa da kalmarsa, a ware wurin da kowa ke iya gani da wurin da maigida ko uwargida kaɗai ke shiga, kamar na takardun gona da na asibiti.

Wanda kuma ya dage sai ya yi amfani da Zigbee, to ga abu biyu. Na ɗaya, ya nemi wanda ya iya girka manhajar, domin ba aikin rana ɗaya ba ne ga wanda bai saba ba. Na biyu, kada ya soka kilen kai tsaye a jikin akwatin. Zigbee da wifi suna tafiya a zango ɗaya, 2.4 GHz, kuma ramin USB 3, mai launin shuɗi a ciki, yana fitar da hayaniyar da ke danne wannan zango. Kamfanin Intel ya wallafa bayani a kan haka tun 2012. Maganin ba shi da tsada: a sayi kebul na ƙarin tsawo kamar mita 1, a rataye kilen nesa da akwatin da rautar.

A kuma tuna da irin gininmu. Katangar laka mai kauri da rufin kwano suna cinye ƙarfin wifi da na Zigbee. A cikin ɗakuna, mita 10 zuwa 20 ne abin da za a sa rai. Zai iya gadin ƙofar shago ko ta ɗakin ajiyar hatsi da ke jikin gida, amma ba zai kai garkar rake da ke can cikin Dallol Mawri ba.

Wuta, zafi da ƙura

Yawancin waɗannan kaya an ƙera su ne domin gidajen da kuran ba ya ɗaukewa. Mu kuwa mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙauyuka da yawa ma layin NIGELEC bai taɓa isa gare su ba. Faifai mai juyawa ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Yau da gobe, sai ya lalace.

Ga lissafi mai sauƙi ga masu pano. Rumbu mai faifai biyu yana cin kusan wat 15 zuwa 20 in yana aiki. In an bar shi awa 24 a kan wat 20, ya ci 480 ke nan. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200, amma rabinsa kawai ya kamata a sha in ana son ya daɗe. Ka ga ke nan akwatin shi kaɗai ya kusa cinye rabon, ba a yi maganar fitila da cajin talho ba. Mafita biyu ce. Ko dai a riƙa kunna shi awa 3 ko 4 da yamma, a kashe shi ta maɓallinsa yadda ya dace, ko a nemi ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da faifan SSD, waɗanda tare ba su cika wuce wat 10 ba. Hasken rana ya isa wannan aiki: rediyon al'umma na farko a ƙasar nan, na Bankilare, da shi ya soma aiki a 1999.

Masu aiko da kaya daga Amurka su duba jikin caja. Wutarmu volt 220 ce. In an rubuta 100 zuwa 240, lafiya lau. In 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, za ta ƙone.

Sai zafi. Yawancin akwatunan nan iyakarsu digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce haka a inuwa ma. A ajiye shi a ɗakin laka mai sanyi, sama da ƙasa, inda iska ke ratsawa. Kada a lulluɓe shi da zane yana aiki. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe fankarsa.

Na nesa zai iya shiga?

Zai iya, amma sai an saka sim mai forfe a cikin rautar gida, kuma duk bidiyon da ya jawo daga Kumasi ko Tarabulus, megan gida yake ci. Akwai kuma haɗari. A 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta kulle dubban akwatunan QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, ɓarayin suka nemi kuɗin fansa kafin su saki abin da ke ciki. Shawararmu ita ce a bar rumbu a rufe ga waje, sai in akwai wanda ya san aikin. Abin da ake son na nesa ya gani, a zaɓa a tura masa.

Iri ba ya kwana a rumbu ɗaya

Manomin Arewa ya san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta: gobara ko gara in ta shiga rumbu, wanda ya raba irinsa biyu shi ke shuka da ruwan farko. Rumbu mai faifai biyu yana rubuta abu ɗaya a kan kowannensu, in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Amma in ɓarawo ya ɗauke akwatin, ko tsawa ta bi waya ta ƙone shi, ko yaro ya goge hotuna bisa kuskure, duka biyun sun tafi tare. Don haka a sayi wani faifai na daban, duk ƙarshen wata a kwafe abin da ya fi muhimmanci, a kai shi wani gida, ko a ba ɗan'uwa da ke Dutsi ko Dosso ya ajiye.

Ga ƴan'uwa na ƙetare, kafin ku biya kuɗi ku kira gida ku tambayi abu uku: wace irin wuta ake da ita, akwai rauta ko babu, kuma wa zai kula da kayan. In gidan ba shi da pano mai ƙarfi, faifai biyu na hannu da kebul ɗin haɗa su da talho sun fi babban akwati amfani.

Shi kuwa yaron da ya kawo mana kayan, mun ara masa kebul, yayansa ya aiko da kuɗin rauta. Ƴar kilen Zigbee tana cikin kwalinta har yanzu. Abin da ya fara zubawa a rumbun shi ne muryar mahaifiyarsu tana ba da labarin yadda kakanninsu suka sari gonarsu ta farko. Mun ce masa ya kwafa a faifai na biyu tun a daren, kuma ya yi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya.