Ruwan Alwala Daban, Ruwan Sha Daban: Darasi Daga Yaƙi Da Kurkunu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya yi karatun zaure ya san hukuncin ruwa a mazhabar Imamu Malik: muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja da wani abin da ke rabuwa da shi ba, to mai tsarki ne, mai tsarkakewa. Ko da laka ko gansakuka ce ta canja shi, alwala da shi ta inganta. To, amma a nan ne da yawa daga cikinmu suka yi kure, suka zaci duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ya dace a sha. Malaman fiƙihu hukuncin ibada suka faɗa. Sha kuwa wata ƙa'ida ce ke hukunci a kansa, watau wajabcin kare rai da nisantar abin da ke cutarwa.

Kurkunu ya ishe mu misali. Ƙwayoyinsa suna cikin waɗansu ƙananan halittu na ruwan tafki, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Mutum ya sha, sai bayan kamar shekara guda tsutsa ta huda fata, galibi a ƙafa, tsawonta ya kai kusan mita ɗaya. In raɗaɗi ya dame shi ya tsoma ƙafar a tafki, sai tsutsar ta zuba ƙwayoyinta, cutar ta koma kan jama'a. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Sau da yawa kuma a lokacin noma take kwantar da magidanci, gona ta lalace.

Ƙidayar da aka fara a 1988 ta sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a lokacin. Da me aka yaƙe shi? Da ƙyallen tace ruwa, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da zuba magani a tafkuna, da hana mai ciwon shiga ruwa, da 'yan sa kai a kowane ƙauye. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta taimaka, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zagaya ƙauyuka. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi.

Ya 'yan'uwa, kurkunu ya tafi, amma kwalara ba ta tafi ba. A 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hanyarta ita ce bayan gida ya shiga ruwan sha ko abinci. Alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi kan biyan buƙata a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa.

Saboda haka attajiri ya tuna Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya yi waƙafinta ga Musulmi. In ka haƙa rijiya, ka nisanta ta da masai, ka gina mata baki da murfi, ka kuma ware kuɗin gyara, domin famfon da ya lalace ba ya shayar da kowa. In ka gina masallaci ko shaguna, kada ka manta da makewayi. Ma'aikaci kuma, kuɗin aikin ruwa da ke wucewa ta teburinka amana ne. Wanda ya ci su, ya sani akwai yaron da zai sha ruwan kududdufi a dalilinsa, kuma za a tambaye shi ranar gobe. Maigida, ruwan da ba ka amince da shi ba a tafasa shi, a rufe randa, a wanke hannu da sabulu.

Allah Ya ba mu lafiya da ikon riƙon amana, amin. Wassalamu alaikum.