Ɗalibin Fau da Fannin Kambama Jiki a Wasan Kwaikwayo

Daga cikin fannonin da ake karantar da ɗalibin wasan kwaikwayo a makarantun zamani, akwai guda wanda yakan ba baƙo mamaki ranar da ya fara ganinsa, domin zai tarar da samari masu cikakkiyar lafiya sun ranƙwafa, sun turo ciki, sun karkace baki, suna wata irin tafiya wadda babu mahalukin da ke yin ta a kan hanya, alhali mu'alliminsu na tsaye yana cewa su ƙara. Wannan shi ne fannin kambama jiki, wato a ɗauki wata ɓoyayyar ɗabi'a ta ɗan Adam, kamar rowa ko haɗama ko girman kai, a fito da ita a gaɓoɓi, a yi mata mubalaga har ta munana, ta yadda mai kallo zai shaida ta tun ɗan wasa bai buɗe baki ba.

Ɗalibin garin Fau nake nufi da wannan magana, garin nan na ƙasar Sudan da ke gindin dutse a kan hanyar Madani zuwa Gadarif, cibiyar aikin noman ban-ruwa na Rahad wanda aka buɗe a 1977, a yankin da Hausawa jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka daɗe da zama. A da, yaron da Allah Ya sa wa son wannan fanni Hartum yake nufa, inda tun 1969 akwai makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo. Amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya watsa ɗalibai, sannan faɗuwar Madani a Disambar shekarar ta turo jama'a gabas ta wannan hanya, har ya zamana mai neman ilimin ba shi da dandamali, ba fitilu, ba labule. To, a cikin dukkan fannonin wasa babu wanda ya dace da irin wannan hali kamar wannan, saboda jiki da ƙasa kaɗai yake bukata, kuma a taron da ya haɗa Bahaushe da Balarabe da mutumin duwatsun Nuba, kafaɗa tana isar da abin da harshe ɗaya ba zai isar ba.

Turawa sun yi wa fannin ƙa'idoji. Meyerhold na Rasha, a shekarun 1920, ya rarraba kowane motsi zuwa shiri da aikatawa da tsayawa. Jacques Lecoq ya buɗe makarantarsa a Paris a 1956, yana fara sa wa ɗalibai fuskar aro wadda babu fara'a babu fushi a kanta, don su daina dogara ga ido da baki, daga baya kuma ya sa su cusa tsummoki a riga su yi doro da tumbi, su fito gungu guda kamar korarrun gari da suka dawo yi wa manya ba'a. Steven Berkoff, wanda ya yi karatu a wajensa, shi ne a 1969 ya nuna wa mutanen Landan labarin marubuci Kafka na mutumin da ya wayi gari ya zama ƙwaro, ba da wata shigar ƙwaro ba, da hannuwa da ƙafafu kawai.

Ga yadda darasin yake a aikace. Ɗalibi zai zauna a kasuwa lokacin kakar riɗi da dawa, ya zuba wa dillali ido, ya lura da gaɓar da take shige masa gaba idan yana tafiya, domin wani ciki ne ke jansa, wani hanci, wani ƙirji. Ya koma gida ya kwaikwayi tafiyar daidai yadda take, ba ƙari ba ragi. Sa'an nan ya ƙara kaɗan: yatsun da ke shafa bakin aljihu su lanƙwashe, wuya ya shige cikin kafaɗu. Ya sake ƙarawa, har yatsun su zama ƙugiya, ido ya riƙa bin kowane buhu da ya gifta, numfashi ya yi gajere kamar mai tsoron kada iskar ma ta ƙare. A mataki na ƙarshe dillalin ya ɓace, sai rowa tsagwaronta tana tafiya da ƙafa biyu. Abin da ya fi wuya, kuma nan ne ake bambanta wanda ya sha horo da mai shirme, shi ne dawowa mataki-mataki zuwa tafiyar farko ba tare da ta zube ba, da riƙe surar nan tsawon wasa alhali cinya na rawa, gumi na zuba.

Magabata ba su jahilci wannan sirri ba. Malam Jahizu na Basra, wanda ya rasu shekara ta 255 bayan Hijira, ya siffanta mai kwaikwayo na zamaninsa a cikin littafinsa Bayan wat-Tabyin, ya nuna cewa gwanintarsa ita ce tattara siffofin da suka warwatsu a jikin mutane da yawa ya zuba su a jiki guda, har abin ya fi na asali kama da asali. Mu ma a ƙasar Hausa, idan azumi ya kai goma, yaro yakan manna gemun auduga, ya sa tsumma, ya dogara sanda, ya ranƙwafa yana kakkarwa a tashen Tsoho da Gemu. A da, matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa a wasan gauta. Samarin ƙauye bayan girbi sukan naɗa gwamna da alƙali a kalankuwa. Ɗan kama kuwa yakan juye kowace waƙa ta koma kirarin tuwo. (Ban sa bori a wannan jeri ba, don masu yin sa ba su ɗauke shi kwaikwayo ba.) Jami'ar Ahmadu Bello, da ta fara koyar da wasan kwaikwayo a Zariya a 1975, da laka ta gina dandalinta bisa fasalin gidan Bahaushe, kuma a ganina ta yi daidai, domin ɗalibin da ya tafi neman Lecoq ya bar tashen kakanninsa a baya, ya tsallake rijiyar gidansu ne ya tafi roƙon ruwa.

Sai dai akwai iyaka wadda nake roƙon ɗalibi kada ya ƙetare ta, kuma tilas a faɗi gaskiya, wasanninmu na gargajiya da fina-finan barkwanci sun sha ƙetare ta. Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, kuma gurgu da makaho da mai doro ba su suka zaɓi halittarsu ba. A gari irin Fau, inda yaƙi ya bar wasu da sanda a hammata, wanda ya kwaikwayi ɗingishi don a yi dariya ya cuci maƙwabcinsa a gaban jama'a. Doron da fannin nan yake nema na hali ne, na mai ɓoye hatsi har ya yi tsada, da mai karɓar toshiya a bakin shinge, da mai riya wanda ke tsawaita sujada idan ya ji takun mutane. Saboda haka kafin ɗalibi ya cusa tsumma ɗaya a rigarsa, ya wajaba mu'alliminsa ya tambaye shi wace ɗabi'a ce wannan ƙullutu yake nunawa, kuma a jikin wa ya gan ta. In ya kasa amsawa, a cire tsumman a mayar da shi kasuwa ya ƙara kallo.